Wa ya taɓa zuwa Vientiane ta ƙasar Laos?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum jama'a. Bayan sallah zan je Bankok sarin kaya in sha Allah, to wani abokin harka ya ce in na gama in tsallaka Vientiane in ɗan huta, wai garin ba hayaniya. Akwai abin gani kuwa ko asarar kuɗi ce kawai? Kuma ya batun abinci da masallaci?

Alhajin Daura:
Wa alaikumus salam. Na je ɗan'uwa. Sunan babban birni ne amma mutanen ba su san sauri ba wallahi, da la'asar sakaliya sai a fara kafa rumfunan kasuwar dare a bakin kogin Mekong, kana tsaye kana hango fitilun Tailan a tsallake. Akwai gada daga Nong Khai, garin Tailan da ke tsallaken kogin, tun 1994, ta nan ma za ka iya shiga. Cikin gari abin gani bai taka kara ya karya ba, That Luang ne, hasumiyar ibada ta mabiya Buddha mai ruwan zinare, sai Patuxai, wata ƙatuwar ƙofa da ake cewa da simintin da Amurka ta ba su na filin jirgi suka gina ta. Masallacin Jamia na kusa da dandalin Nam Phou a tsakiyar gari. Ka kiyayi romon bakin titi don naman alade ya yi masu yawa, ni gasasshen kifi na riƙe da shinkafarsu mai danƙo da ake kawowa a ɗan kwando, da hannu ake dunƙula ta kamar tuwo.

Maman Biyu:
Alhaji ai ka manta bayan gari, nan ne daɗin. Jirgin ƙasan da suka yi da Sin ya fara aiki Disambar 2021, kamar awa ɗaya ka isa Vang Vieng, gonakin shinkafa ne da duwatsu dogaye da koguna. Amma don Allah kar ka sauka hanya ka shiga daji kai kaɗai, daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba masu bam sama da tan miliyan 2, har yau manoma na tono waɗanda ba su fashe ba. Ka leƙa cibiyar COPE cikin gari, mai taimakon waɗanda bam ya nakasa, ƙafafun roba ne rataye, sai da na yi hawaye.

Bakatsine:
Ku dai kuna ta labarin kifi, fasfo ɗin Najeriya fa ne a hannunsa. Ka gama maganar biza tun daga gida kar ka je kan gada a maido ka. Kuma watan Afrilu zafi ne, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai. Alhaji kuɗinsu kip ko? Dala zan riƙe ko in canza tun a Bankok?