Cikin wata biyu gare ni ga Tegretol: wai da gaske yana sa jiki tsatsa?

'Yar Rigasa:
Assalamu alaikum. Tun ina aji uku a sakandare nake da farfaɗiya, ina shan Tegretol safe da dare, kuma alhamdu lillahi rabona da faɗuwa tun kafin bikina. Yanzu ina da cikin wata biyu, na fari. Shekaranjiya a wajen walima a Tudun Wada wata mai tallan ƙwayoyin gyaran jiki ta gan ni ina haɗiyar maganina. Ni da bakina na faɗa mata ko na mene ne. Sai ta riƙe haɓa, wai maganin farfaɗiya tsatsa yake sa wa jini, tsatsar kuma ita ke nakasa jariri, gara in ajiye shi in koma kan wata roba da take sayarwa. Jiya da dare ban sha ba, ko maigidan bai sani ba. Don Allah masu sani, akwai wannan tsatsar?

Mai haɗa magunguna, Barnawa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kafin ki gama karanta wannan ki tashi ki sha na safen nan, amma kada ki ninka don rama na jiya.

Maganar tsatsa tana da tushe, ta dai karkatar da ita ne zuwa aljihunta. Duk lokacin da jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin, yakan bar wani ɓurɓushi mai cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta, kamar yadda yankakken tuffa ke yin duhu in ya sha iska. Jiki yana da masu share shi, irin su gulutatayon da katalas, ga kuma bitamin C da E daga abinci. Idan ɓurɓushin ya fi ƙarfin masu sharar, shi ne abin da ta kira tsatsa. A ɗakin gwaji akan gane shi ta wani sinadari, MDA, da ke ƙaruwa a jini.

Ƙwaƙwalwa ta fi saurin jin jiki, don nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma tana shan kusan kashi 20 na oksijin, ga ta da kitse. Gaskiya ne an ga alamun wannan tsatsa a wasu masu shan tsofaffin magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da Epilim da Tegretol. Shi kansa ciki yana ƙara ta, saboda aikin mabiyiya. Abin da mai robar ba ta faɗa miki ba shi ne ita ma jijjigar farfaɗiyar tana haifar da ita, ga haɗarin faɗuwa a kan ciki ko kusa da murhu, ga jariri ya rasa iska. Kuma babu wata ƙwayar gyaran jiki da ke tare farfaɗiya.

Wani abu kuma, bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwar jariri yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki. Ke kin wuce nan. Yanke magani yau ba zai gyara komai a baya ba. Ki ga likitanki cikin makon nan, ki yi masa maganar folik asid, bitamin ɗin nan da ake ba masu ciki, don Tegretol yana rage shi a jiki. Mata irinku galibi miligiram 5 ake rubuta musu.

Maman Biyu, Kawo:
Ƙanwata kwantar da hankalinki. Ni Epilim nake sha da. Da na ce ina son haihuwa, likita ya zaunar da mu ni da baban yara ya ce shi ne mafi haɗari, kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasa, alhali a sauran mata 2 zuwa 3 ne cikin 100. A hankali ya mayar da ni kan lamotirijin, wata da watanni, ba dare ɗaya ba. Da cikin ya tsufa har ƙara min ya yi, wai ciki yana sa jiki saurin fitar da shi. Naki ma bai kai Epilim haɗari ba. Yarana biyu ga su nan suna hana ni barci. Amma fa ki faɗa wa mijinki. Ɓoye-ɓoyen nan da muke yi don gudun bakin dangin miji ba ya tare mutum ranar da abin ya motsa.

Inna Mai Zogale:
To shi zogale fa? Ni na ji an ce yana wanke jini.

Mai haɗa magunguna, Barnawa:
Inna, ta ci kwaɗonta da miyar alayyafo, ta sha lemo da gwaba, abinci ne. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi da garin da ba a san awonsa ba su ne ban yarda ba, ga ciki ga Tegretol.

'Yar Rigasa:
Na sha, na gode Allah ya saka. Na faɗa masa, ya yi faɗa sosai a kan na jiya. Litinin zai kai ni asibitin Barau Dikko in fara awo, zan tafi da kwalin maganin. Mai tallan nan ta kira sau biyu ban ɗauka ba.