Albasar da maƙwabciyata ta ba ni, ta ado ce kawai ko tana shiga tukunya?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Chicago. Bara a watan Satumba wata tsohuwa maƙwabciyata ta haƙo min dunƙulen wata shuka daga bayan gidanta, ta rubuta min sunan a takarda, Allium cernuum. Na binne a gefen katanga na manta da ita, dusar ƙanƙara ta rufe wajen wata uku, na ce ai shi ke nan. Sai ga ta ta tsiro a Afrilu, siraran ganye kamar ciyawa. Yanzu ƙarshen Yuli ta kai gwiwata, ta yi fure ruwan hoda, kuma kan furen a sunkuye yake kamar amaryar da aka kawo gaban surukai. Na murza ganyen, warin albasa ne sak. To ana ci? Maigida ya ce kada in kuskura. Kuma in na tara irin, zai yi a Kano? Ina so in kai wa Hajiyarmu.

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, bi maganar mijinki tukuna. Ba duk mai kai a ƙasa ba ce albasa. Nan gida muna da albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama da ruwan farko, babban fure fari da jan zane, kanta ya fi na albasar Aliero girma. Kyau kam ba a magana, ni kaina na dasa biyu a bakin rijiya. Amma ko akuya ba ta kula ta, don guba ce. Sunan albasa aro ta yi.

Abban Minnesota:
Baba, gaskiya ka faɗa, sai dai wannan ta Maman Ikram albasa ce ta ainihi, dangi ɗaya da wadda muke saya a kasuwa. Shekara shida ke nan ina da ita. 'Yan asalin ƙasar nan sun daɗe suna cin ta, har ma sunan garinku, Chicago, daga kalmarsu ta albasar daji aka samo shi.

Kan nata ba abin a zo a gani ba ne, siriri kamar ɗan yatsa, ga yaji. Ni na daina haƙo shi. Lawashin nake yanka a Mayu tun yana ɗanye shar, in zuba a wainar ƙwai ko in barbaɗa a kan dafa-duka. Da ta fara fure ganyen ya yi tauri. Furen ma ana ci, yarana na tsinka su sa a kwaɗo. Na taɓa daka ganyen na shanya don in yi gabu irin na mahaifiyata, sai ya fito ba ƙamshi sosai, ƙila ranar nan ce ba ta kai ta gida ba.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne ta daji. Akwai wata da suke kira death camas, ganye da kai duk kamar albasa, furenta fari-fari, kuma tana kisa. Ita ba ta da warin albasa ko kaɗan. Amma in kin riga kin taɓa albasa, hannunki zai yaudare ki, komai kika shinshina albasa za ki ji. Don haka ki tsaya a kan wadda kika dasa da hannunki. In akwai mage a gidan, kada ta ci, albasa kowace iri tana cutar da su.

Kulawa kusan babu. Rana take so, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Zomaye sun cinye min latas kaf amma ita ko kallo, ƙudan zuma kuwa wuni suke a kanta. Duk shekara uku ki haƙo dunƙulen ki rarraba. In kika bar furen ya bushe a jiki, baƙaƙen ƙwayoyin za su zube, baɗi ki gan ta har cikin tsagar siminti.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai. Maganar Kano fa?

Abban Minnesota:
A nan ne ba na ba ki ƙwarin gwiwa. Irin ba ya tsirowa sai ya yi kamar kwana 60 cikin sanyi da danshi. Wannan mai sauƙi ne, yashi mai laima a leda, a jefa firji. Matsalar ita ce uwar ma sai ta yi barcin hunturu kowace shekara kafin ta yi fure, sanyin Janairun Kano kuwa ba zai kwantar da ita ba. Ga shi daga iri sai shekara biyu ko uku kafin a ga furen farko.

Baba Mai Lambu:
Ki bar Hajiya ta huta. In fure take so, in kin zo da damina ki aiko yaro in haƙa mata albasar kwaɗi ɗaya, a dasa nesa da madafi. Ke kuma ki ɗauko min hoton mai sunkuyar da kan nan in gani.