Mahaifina yana tsufa a gabana, zuciyata ta kasa yarda

Ɗiyar Baba:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 80, ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma a 'yan watannin nan mantuwa ta fara kama shi, har yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin da a da kowa ke jira ya yanke magana, yau shi ake riƙe wa hannu, kuma idan na miƙa masa magani sai ya ɓata rai kamar na raina shi. Yaya mutum yake sabawa da wannan hali?

Malamin Jinya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada a yi saurin cewa tsufa ne kawai, a kai shi likita tukuna. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin 'yan kwanaki sau da yawa ciwon mafitsara ne ke jawo ta, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko magungunan da suka yi wa tsoho yawa, kuma ana samun sauƙinta. Ƙarancin bitamin B12 da raunin ji su ma kan sa a zaci mantuwa ce. Wadda ke zuwa a hankali tana ƙaruwa ita ake wa zargin cutar mantuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum sama da miliyan 55, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuwa nau'in Alzheimer ne. Hawan jini shi ma yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, saboda haka kada maganinsa ya yanke.

Uwar Biyu:
'Yata, na yi jinyar mahaifiyata, na san wannan ɗacin. Fushin da kike gani tsoro ne, domin Baba ya riga kowa sanin cewa ƙarfinsa yana tafiya. Ki bar masa duk abin da zai iya yi da kansa, ko da zai ɗauki lokaci, kuma ki ci gaba da neman shawararsa a kan al'amuran gida, domin girman nan shi ya fi jin tsoron rasawa. Idan ya kira ki da sunan ƙanwarsa, ki amsa, gyara masa ba ya ƙara masa komai sai kunya. Kukan da kike yi alhali yana raye kuwa ba rashin haƙuri ba ne.

Babban Wa:
Ki kira 'yan'uwanki ku raba kwanakin jinya tun yanzu, kafin gajiya ta kwantar da ke. Ku kuma tambaye shi abin da yake so a yi masa, tun yana iya faɗa da bakinsa.