getpwuid na ba ni suna ɗaya sau biyu, ina na kuskure?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Tun jiya da la'asar nake fama da wani ɗan shiri da nake rubutawa da yaren C a kan Ubuntu, har kaina ya ɗau zafi. A shagon yayana nan Samaru, inda ɗalibai ke kawo bugun furojet, kwamfuta ɗaya gare mu, mu huɗu, kowa da asusunsa, amma folda ɗaya muke zuba aiki. Watan jiya wani cikinmu ya goge wa wata ɗaliba babi biyu cur. Ranar ba mu ji da daɗi ba. Shi ne na ce bari in rubuta abin da zai duba mai fayil, ya duba wanda ke zaune gaban kwamfutar, in ba mutum ɗaya ba ne ya ja kunne kafin a goge.

Na samo lambar asusun mai fayil da stat, tawa kuma da getuid, sannan na miƙa su ga getpwuid, mai karɓar lambar asusu ta dawo da bayanan mai ita. Ga abin da na rubuta:

mai = getpwuid(st.st_uid);
ni = getpwuid(getuid());

Da na buga mai->pw_name da ni->pw_name, wato sunayen asusun biyu, duk sunana ne ke fitowa. Har /etc/passwd, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin asusu, na gwada, wanda ls -l ya nuna ƙarara na root ne, wato asusun mai cikakken iko, shirin nan ya ce wai nawa ne. Ku taimaka.

Malam na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi karatun allo? To allo ɗaya ne getpwuid ke da shi. Kiran farko ya rubuta bayanin root a kai, ya nuna maka inda allon yake jingine, bai ba ka kwafi ba. Kira na biyu ya wanke allon ya rubuta naka. "mai" da "ni" duk allo ɗaya suke nunawa, ka buga adireshinsu da %p ka gani da idonka. Haka getpwnam mai nema da suna take, haka getpwent mai bin asusu ɗaya bayan ɗaya.

In sunan kake so ya zauna, ka kwafe shi da strdup nan take kafin kira na gaba, ka tuna da free daga baya. Kuma kar ka ce za ka kwafe struct passwd ɗin, wato ƙunshin bayanan asusun, gaba ɗaya ka huta. pw_uid da pw_gid lambobi ne, za su tsira, amma pw_name da pw_dir da pw_shell manuniya ne kawai, suna nan suna kallon tsohon allon.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki ma, me ya kai ka kwatanta sunaye? Tsarin ba ya aiki da suna, da lamba yake aiki. root lambarsa 0, asusun farko da aka buɗe a Ubuntu 1000, na biye 1001. Kwatanta st.st_uid da getuid() kai tsaye, sai lokacin rubuta gargaɗin ka nemi sunan.

Anti Kongo:

Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Akwai getpwuid_r da getpwnam_r, su kai ne za ka kawo allonka. Ka ba su struct ɗinka da ma'ajin da ka ware da malloc. Girman ma'ajin ka tambayi sysconf(_SC_GETPW_R_SIZE_MAX), amma tana iya dawowa da -1, sai ka zaɓi girma da kanka, misalin da ke cikin shafin bayani na man ya ɗauki 16384. In ta dawo maka da ERANGE, wurin ya yi kaɗan ne, ninka shi ka sake kira.

Inda mutane ke faɗuwa: in ba a sami asusun ba, 0 take dawowa da shi kamar komai lafiya, sai dai manunin sakamakon ya zama NULL, wato ba ya nuna komai. Kai kuma a shago kake, ana kawo muku filasha da fayiloli daga kwamfutoci iri-iri, wata rana za ka ci karo da lambar da ba ta da suna a wurinku. Ban ga ka duba NULL ko sau ɗaya ba a layukanka. Ranar da hakan ta faru shirin zai kife ne a gaban kwastoma. In babu suna, buga lambar tsirararta, haka ls -l ma yake yi.

Ɗan Samaru:

Kai! Na buga %p, wallahi adireshi ɗaya ne. Na gode Malam, na gode Anti. Amma tunda abin na da wannan tarkon, me zai hana in buɗe /etc/passwd da fopen in tsinke layin da kaina? Gida bakwai ne kawai, digo biyu ke raba su. Sannan na so shirin ya nemi kalmar sirri kafin gogewa, sai na ga pw_passwd, gidan kalmar sirri, na kowa x ne.

Malam na Tudun Wada:

A kwamfutar shagonku zai yi aiki, ban musa ba. Amma ranar da ka kai shi ma'aikatar da asusunta ke kan LDAP, wato ana ajiye su a wata sabar daban, rabin mutanen ba sa cikin fayil ɗin nan. Buɗe /etc/nsswitch.conf ka dubi layin passwd, nan ake jera wuraren da za a bi a nemo mutum, kuma getpwnam na bin jerin, fopen ɗinka bai san da zamansa ba. In kana son ganin amsar da shirinka zai samu, rubuta getent passwd da sunan mutum.

Wannan x ɗin cewa yake yi a duba /etc/shadow, inda ake ɓoye bayanan kalmar sirri. Shi /etc/passwd kowa na iya karanta shi, shi ya sa aka kwashe sirrin daga ciki. getspnam ke karanta shadow, kuma asusunka na yau da kullum ba zai iya ba. Don Allah kar ka ɗora wa ɗan shirinka ikon root saboda wannan, tantance kalmar sirri aikin PAM ne, tsarin da Linux ke tantance masu shiga da shi. Ka kuma lura, in aka tada shirin da sudo, wato da ikon root, getuid() 0 zai ba ka, ba lambar mutumin ba.

Yanzu bari in ɗan karya maka gwiwa. Matsalar shagonku ba ta buƙatar shiri. A Linux, goge fayil ba ya duba ko naka ne, izinin rubutu a kan foldar yake dubawa, shi ya sa kowannenku ke iya share aikin ɗan'uwansa. Yi chmod +t a kan foldar. Daga nan babu mai goge fayil sai mai shi, ko mai foldar, ko root. Haka aka yi wa /tmp, duba shi da ls -ld za ka ga t a ƙarshe.

Ɗan Samaru:

Haba Malam, kwana biyu ina wahala ashe harafi ɗaya ne! Na sa, na shiga asusun yayana na ƙirƙiri fayil, na dawo nawa na gwada gogewa, ya ƙi. Sai dai foldar da sunan yayana take, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne ya goge babin nan. Gobe in ya tafi unguwar PZ sayo takarda zan mayar da ita hannun root da chown. Shirin kuma sai na ƙarasa shi da getpwuid_r ɗin Anti, tunda na riga na fara.