Neman shawara: ta yaya zan koyar da yadda ikon bishop ya taso a ikkilisiyar farko?

Danladi:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. An ba ni darasi biyu, kowanne minti 40, in koya wa matasa yadda Kiristanci ya faro da yadda shugabancin ikkilisiya ya yi ƙarfi. Wasu yaran sun kwaso a Facebook cewa wai Sarki Konstantin na daular Roma ne ya ƙago addinin, shi ya zaɓi littattafan Sabon Alkawari a taron bishop-bishop da aka yi a garin Nikiya. Wasu kuma sun ce tun daga Bitrus akwai Fafaroma irin na yau. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Baba Ishaya:
Ɗana, kada ka jera musu shekaru, barci za su yi. Bi rigingimu, domin kowane ƙarin iko rigima ce ta haife shi.

Fara da Ayyukan Manzanni sura 15, wajen shekara ta 49: shin wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya? A Urushalima aka zauna, Bitrus ya yi magana, amma Yakubu ne ya rufe zancen. Sai ka buɗe Filibiyawa 1:1, su ga cewa a gari guda masu kula da jama'a suna da yawa, ba mutum ɗaya ba. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikali, Urushalima ta daina zama cibiya, nauyi ya koma Antakiya, Afisa, Roma da Iskandariya. Wajen 110 ne Ignatiyus na Antakiya, ana tafiya da shi Roma a kashe shi, ya rubuta wasiƙu bakwai yana ta nanata tsari: bishop ɗaya, dattawa, sai dikinoni, kuma kada a yi baftisma ba da sanin bishop ba. Yawan nacin nasa ma alama ce cewa ba kowa ne ya bi ba tukuna. Nan za ka tsaya da darasin farko.

Malama Saratu:
Baba ya yi daidai. Ni dai in ƙara abin da malamai suka fi tsallakewa, ƙarni na uku, alhali a nan ikon ya kankama.

A 250 Sarki Desiyus ya ce kowa ya yi hadaya ga allolin Roma, a ba shi takardar shaida. Wasu Kirista suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi, wasu suka ƙi aka ɗaure su. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka faɗi suka nemi dawowa, sai waɗanda suka sha ɗauri suka fara ba su takardun gafara da kansu. Kifriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce sam, karɓar mai tuba hurumin bishop ne. Ka tambayi yaran: wa ke da ikon buɗe wa mutum ƙofa ya dawo teburin Ubangiji? Wanda ke riƙe da wannan mabuɗin shi ne mai iko.

Ga lissafin da za ka rubuta a allo. A 251 ikkilisiyar Roma tana da dattawa 46, dikinoni 7, kuma tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Shekara sittin da wani abu ke nan kafin Konstantin ya halatta addinin a 313. Mai cewa shi ya ƙago shi sai ya faɗi waɗanne ne waɗannan. A Nikiya, 325, maganar Ariyus, wani dattijon ikkilisiyar Iskandariya, aka tattauna kan allahntakar Almasihu, da lokacin Ista, da dokoki 20 na tsari. Ba a zaɓi littafi ko ɗaya ba. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari a wasiƙar 367 ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya fara fitowa cif. Kuma Sarki Tiyodosiyus ne ya mayar da shi addinin daula a 380, ba Konstantin ba. Yara suna yawan cakuɗa biyun.

Malam Habila:
Ɗan'uwa, a batun Roma ka taka a hankali, kada ka rage mata kuma kada ka ƙara. Nauyinta tsoho ne. Wajen 96 ta rubuta wa Koranti tana tsawata musu don sun tuɓe dattawansu, amma da sunan ikkilisiya aka rubuta, ba da sunan mutum ba. Wajen 180 Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya jera sunayen bishop-bishop na Roma tun daga manzanni, don ya rufe bakin masu cewa suna da koyarwar asiri.

Sai dai jin magana wani abu ne daban. Wajen 190 Bishop Bikto ya so ya yanke zumunci da ikkilisiyoyin Asiya saboda ranar Ista, Folikaratis na Afisa ya ƙi, Ireniyus ɗin nan kuma ya ja wa Bikto kunne. A 256 Kifriyan da bishop-bishop na Afirka suka ƙi bin Istifanus na Roma kan sake yi wa 'yan bidi'a baftisma. Doka ta 6 ta Nikiya ma ta ambaci Iskandariya, Roma da Antakiya, kowace da yankinta. In lokaci ya ragu ka taɓa taron bishop-bishop na Kalsidon, 451, inda aka karɓi wasiƙar Fafaroma Liyo, amma aka ɗaga matsayin bishop na Konstantinoful (Istanbul ta yau) kusa da na Roma, shi kuma ya ƙi amincewa da wannan dokar.

Danladi:
Na gode ƙwarai. Kalsidon ba zai shiga minti 40 ba, zan tsaya a 380. Malama, lissafin Roma ɗin a ina yake, ko da wani yaro zai ce in nuna masa?

Malama Saratu:
Wasiƙar Bishop Karniliyus na Roma ce zuwa ga Fabiyus na Antakiya. Yusibiyus ya kwafe ta a tarihin ikkilisiya da ya rubuta, littafi na 6, babi na 43.