Muhawara: gwanin harbi ne ya cancanci koyar da kurata?

Samanja: Ni a ganina, a ɗebo waɗanda suka fi kowa maki a filin harbi a damƙa musu kurata. Sojan ƙasa na Amurka na gwaji da allon harbi 40, daga mita 50 zuwa 300. Mai 23 ya tsallake, mai 36 zuwa sama shi ne gwani. Wanda bai kai 36 ba, me zai koya wa wani?

Saje: Ranka ya daɗe, aikin biyu ne daban. Mai harbi idonsa na kan saitin gaba, wato ɗan tsinin da ke kusa da bakin bindiga da ake auna allo da shi, mai koyarwa kuwa idonsa na kan mai harbin. Ya kwanta kusa da kurtu ya bar kallon allo, ya lura ko yaron na runtse ido kafin ƙara, ko kumatunsa na barin gindin bindiga bayan kowane harbi. Gwanaye da yawa hannunsu ya saba, amma ka ce su faɗi abin da suke yi, sai "ka dai nutsu".

Kofur: Gaskiyar Saje. Ga kurtu harsashinsa na sauka ƙasa. Gwani zai karɓi bindigar, ya zuba uku a tsakiya, ya ce lafiyarta ƙalau. To, an wanke bindiga, yaro fa? Wanda aka horar da koyarwa zai cusa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da yaron ya sani ba. Da ya ja kunama a kan na bogin, sai ka ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa ba ƙara. Tsoron dukan bindiga ne ke sa shi tura kafaɗa, kuma yanzu ya gani da idonsa. Daga nan a koma atisaye ba harsashi: a ɗora kwandala a kan bututun bindiga, ya ja kunama a hankali har ta sauka kwandalar ba ta faɗi ba.

Samanja: Wannan ai wasan yara ne, Kofur. Harsashi ke koyar da harbi.

Kyaftin: Samanja, da girmanka, dakarun Marin na Amurka kan yi mako guda cur suna auna bindiga ba harsashi kafin su harba zuwa yadi 500. Ga kuma lissafi: tsakanin saitin baya da na gaba a AK-47 kimanin milimita 378 ne. Ido ya karkace da milimita ɗaya tak, a mita 100 an kauce da kusan santimita 26. Ƙarin harsashi ba ya gyara wannan, sabo da kuskuren kawai yake ƙarawa. Babban laifin sabon mai koyarwa shi ne gaggawar murɗa saiti. Sai harbin yaro ya taru wuri guda tukuna, cikin da'irar santimita 4 a mita 25, sannan a taɓa saiti. In ya warwatsu sama da ƙasa, duba numfashi. In ya fantsama ko'ina, kwanciyarsa ce ba daidai ba. Sa shi ya rufe ido, ya ja numfashi sau biyu, ya buɗe. In saiti ya bar allo, ya gyara jikinsa gaba ɗaya, kada ya janyo bindiga da ƙarfin hannu.

Samanja: Na ji, yallaɓai. Amma ranar da kurtu ya ce "Oga, nuna mini", malamin ya harba ya kuskure, wa zai sake saurarensa?

Saje: Shi ya sa za a gwada shi sau biyu, ranka ya daɗe. Ya ci nasa harbin, sannan a ba shi kurtu biyar da suka faɗi, a duba allonsu bayan mako guda.