Fentin Fijo 504 ya dusashe, ta yaya zan dawo da sheƙinsa?

Assalamu alaikum. Masana fentin mota, a taimaka min da shawara.

Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, ƙirar 1982, shuɗiya, har yanzu fentin kamfani ne a jikinta. Irin na da ne, launi da sheƙi a shafe ɗaya, babu shafen sama marar launi irin na motocin yanzu. Rufinta da bonet sun yi fari kamar an barbaɗa alli, amma ƙofofin suna nan da kyansu.

Na wanke ta da sabulun mota, na bar ta ta bushe a inuwa, na shafa kakin goge mota. Ta yi sheƙi, bayan 'yan kwanaki a rana farin ya dawo, dabbare-dabbare. Sai na gwada man gurza da masu fenti ke kira kwamfawun, da hannu, a gefe ɗaya na bonet. Tsumman ya rine shuɗi, wurin ya yi kyau, amma a kan ƙashin bonet, wato layin da ya ɗan taso, shafen ƙasa mai ruwan toka ya fara leƙowa. Nan na tsaya. Mai fenti ya ce a sake fesa ta gaba ɗaya, ni kuwa ba na so, domin fentin asali in ya tafi ba ya dawowa.

Wane irin mai zan shafa da hannu ya cire wannan farin ba tare da ya ƙara cinye fentin ba? Na gode.